Rariyar zamani mai kunama: Me ke cikinta, kuma ta cancanci kuɗinka?

Idan kana yawan bin bidiyon girke-girke a TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da ita ba. Wani kofi ne na ƙarfe mai mariƙi, a zuba fulawa ta sama, a riƙa matsa hannun ƙyas-ƙyas, sai ga gari yana sauka ta ƙasa kamar yayyafi. Wata irin kuma juya ta ake yi, kamar yadda ake juya injin murza taliya. Masu tallar kayan kicin a WhatsApp ma ba su tsayar mata da suna ɗaya ba, wannan ya ce rariyar zamani, waccan ta ce kofin tankaɗe.

To kafin ka tura kuɗi, musamman idan kana cikin matasan da suka mayar da kek da cincin da donot sana'a, yana da kyau ka san abin da ke faruwa a cikin kofin nan. Domin abin da yawancinmu ke dubawa, wato ragar da ke ƙasa, ba ita ce ke yin babban aikin ba.

Bari mu fara da wani abin mamaki. Hukumar Codex Alimentarius, wadda ke tsara ƙa'idojin abinci a ƙarƙashin hukumomin FAO da WHO na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce fulawar alkama sai aƙalla kashi 98 cikin 100 nata ya iya wucewa ta hudar da faɗinta bai kai rubu'in milimita ba, milimita 0.212 ke nan. Ita kuwa ragar da ake sa wa kofin tankaɗe na kicin, hudojinta sukan kama daga kusan rabin milimita zuwa kusan milimita ɗaya. Ka ga ke nan kowace huda ta ninka ƙwayar fulawa girma. A lissafi, kamata ya yi kana zuba fulawa ta zube ƙasa baki ɗaya kamar ruwa a kwando. Amma gwada ka gani. Ɗan kaɗan zai sauka, sauran ya yi zamansa.

Me ya riƙe shi? Ka tuna ƙofar ɗakin lacca ranar jarrabawa. Ƙofar ta ishi mutum biyu su wuce a jere, amma da zarar mutum talatin sun danno a lokaci guda, sai kafaɗa ta tokare kafaɗa, babu mai shiga. Haka ƙwayoyin fulawa suke yi. Ƙanana ne ƙwarai, ba su da nauyin da zai ja su ƙasa da ƙarfi, ga su da manne wa juna. Sai su haɗu a saman kowace huda su yi ɗan baka, irin bakan da maginan gargajiya ke ɗaurawa a soro, wannan ya jingina da wancan, nauyin da ke sama ma ya ƙara ƙulle su. Idan akwai laima abin ya fi muni. Shi ya sa fulawar da ke zuba salin-alin da hunturu, da damina sai ka ga ta cure ta yi gudaji.

Don haka matsalar da duk wanda ya ƙera rariya yake ƙoƙarin warwarewa ita ce: yaya za a riƙa rushe waɗannan bakunan da sauri fiye da yadda suke sake haɗuwa? A rariyarmu ta gida, hannu ne ke wannan aikin. Ana girgiza ta, ana bubbuga gefenta, ana shafa garin da tafin hannu. Abin da kofin tankaɗe ya yi kawai shi ne ya cire hannun ya sa ƙarfe a madadinsa.

Mu leƙa cikin mai juyawa tukuna, don ita ce ta fi burge ni. Akwai sandar ƙarfe da ta ratsa kofin daga wannan gefe zuwa wancan, a waje aka lanƙwasa ta aka sa mata ɗan katako ko roba na kamawa. A ciki kuma an ɗaura mata wayoyi masu lanƙwasa, yawanci biyu zuwa huɗu. Kana juya hannun, wayoyin suna zagayawa suna sharar raga ɗaya bayan ɗaya. Yanzu lura da ragar da kyau, za ka ga ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, ta lotsa ƙasa kamar ƙoƙo. Ba don ado ba ne. Waya mai zagayawa da'ira take zanawa, don haka dole ragar ta ɗauki siffar wannan da'irar. Da a shimfiɗe take, tsakiyarta kawai wayar za ta riƙa taɓawa, gefe da gefe gari ya taru ya kwanta.

Duk ingancin wannan na'ura yana cikin ɗan ratar da ke tsakanin waya da raga. Idan ratar ta yi yawa, wayar sai ta riƙa yawo a cikin gari tana wuce bakunan ta sama, kana ta juyi har hannu ya gaji, abin da ke sauka bai taka kara ya karya ba. Idan kuma wayar tana gogar ragar da ƙarfi, nan ma matsala ce: ƙarfe na cin ƙarfe, a hankali ragar ta saki ko ta yage, kuma abin da kake son ta tare, kamar ɗan ƙwaro, sai wayar ta murƙushe shi ta tura shi ƙasa. Ana so ne ta shafa kawai, shafar da da ƙyar za ka ji sautinta. Masu araha da yawa a nan suke faɗuwa, saboda hudar da sandar ke juyawa a cikinta ba ta da wani abin tallafi, jikin gwangwanin ne kawai aka huda. Bayan ɗan lokaci hudar ta buɗe, sandar ta fara rawa, ratar ta lalace.

Mai kunama kuwa, wadda aka fi gani a bidiyo, dabararta daban ce. Ragarta a shimfiɗe take, a samanta akwai wani ƙarfe mai rassa kamar wayoyin tayar keke, yana zaune a kan ƙusa ɗaya a tsakiya. A cikin mariƙin akwai kunama, irin ta bindiga. Idan ka matsa, wata 'yar sanda takan ja wannan ƙarfen, amma ba daga tsakiyarsa ba, daga ɗan gefe, shi ya sa jan da ka yi a miƙe yake komawa juyi. Kana saki, sifirin ya mayar da komai inda yake. Ba cikakken zagaye take yi ba, gaba da baya ne kawai. Wasu ana jera musu raga biyu ko uku, kowace da nata ƙarfen, sai masu talla su ce maka tankaɗe uku ne a matsa ɗaya.

Amfaninta a fili yake: hannu ɗaya take buƙata. Kana barbaɗa fulawa da dama, kana juya kwaɓin kek da hagu. Ga barbaɗa sukari mai laushi a kan donot, wallahi tana da daɗin aiki. Sai dai duk matsa ɗaya kokawa ce da sifirin, kuma tsokar yatsu ba ta kai ta dantse juriya ba. Kofi biyu na fulawa ba komai. Amma a ce odar biki ce, kilo biyar, kafin ka kai rabi yatsunka sun fara kuka. Ga shi kuma duk inda sassa masu motsi suka yi yawa, wuraren lalacewa sun yi yawa. Sifirin ya saki ko 'yar sandar ta zame daga mazauninta, shi ke nan, kuma galibi a like aka haɗa su, ba a kwancewa balle a gyara.

Akwai ta uku wadda girgiza ta kawai ake yi hagu da dama, akwai ma mai batir. Waɗannan ba sai mun tsaya a kansu ba.

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa kofi? Me ya sa ba faffaɗa ba kamar tamu? Amsar tana Amurka, inda wannan na'ura ta yi ƙarfi tun ƙarshen ƙarni na 19. Su can da kofi suke auna fulawa, ba da sikeli ba, kuma littafin girki na Fannie Farmer da ya fito a Boston a 1896 yana cikin abubuwan da suka kafa wannan al'ada ta awo da shafaffen kofi. Matsalar awon kofi ita ce fulawa tana danƙarewa. Kofi ɗaya na fulawar da aka zuba a hankali kusan giram 120 ne, amma idan ka cusa kofin cikin buhu ka ɗebo, yana iya kaiwa giram 140 ko fiye. Tankaɗe shi ne hanyar da za a sa fulawar ta saki ta sha iska kafin a auna, don awon yau ya yi daidai da na gobe. Kuma tunda a cikin ɗan kwano ko kofin awo ake so ta sauka, sai aka yi wa rariyar ƙaramin baki. Abin ya shiga jininsu har kabad ɗin kicin da ake kira Hoosier, wanda aka riƙa ƙerawa a jihar Indiana a farkon ƙarni na 20, yana zuwa ne da rumbun fulawa a jikinsa da rariyar juyawa a ƙasan rumbun. A Faransa kuwa, inda masu gashi suka saba da sikeli, faffaɗar rariya mai kama da ganga ce a kicin ɗinsu, kusan irin ta gidanku.

Wannan bambancin giram 20 ɗin kada ka raina shi. Idan kek ɗinka na sayarwa kofi huɗu yake ci, to kana iya ƙara masa giram 80 ba ka sani ba. Jiya ya yi laushi, yau ya yi tauri, kwastoma ta yi shiru ba ta sake oda ba, kai kuma kana zargin oben ko ƙwai. Kofin tankaɗe yana rage wannan. Amma gaskiyar magana, ƙaramin sikelin kicin ya fi shi magance ta, domin giram 120 giram 120 ne ko an tankaɗe ko ba a tankaɗe ba. Inda tankaɗe ba shi da madadi shi ne fasa gudajin sukari mai laushi da garin cakulan, da kek mai son iska sosai wanda gudaji ɗaya ke ɓata shi. Gauraya fulawa da bekin foda kuwa, maburgin waya ma ya wadatar.

Sai batun garin tuwo, don na san wani zai ce bari ya saya wa Umma ta huta. Dakata tukuna. Tankaɗen da ake yi wa garin masara ko dawa bayan an dawo daga inji, rabuwa ake nema, gari ya sauka, tsaki da dusa su tsaya a sama. A faffaɗar rariya kana ganin tsakin da idonka, ka juye shi gefe, ka ci gaba. Kofin tankaɗe an ƙera shi ne don garin da kusan dukkansa zai wuce. Ba shi da hanyar fitar da abin da ya rage. Tsaki zai taru a ƙasa, ya shiga tsakanin waya da raga, ya cije. A mai raga uku ma ya fi ban haushi, don yana maƙalewa a tsakanin ragogin inda yatsa ba ya kaiwa. Ga ƙanƙanta: yawancinsu kofi uku zuwa biyar suke ɗauka. Ka lissafa sau nawa za a cika shi kafin a gama mudu biyu na tuwon dare. Rariyar kasuwa mai bakin katako ko na gwangwani ta fi ta nesa ba kusa ba a wannan aiki, kuma idan ragarta ta mutu, mai rariya zai sauya maka wata.

Wani abin da bidiyon ba ya nuna maka shi ne wanki. Fulawa da ruwa me suke zama? Ƙulli, irin wanda ake liƙa takarda da shi. Idan ka tsoma kofin tankaɗe a ruwa, garin da ya ɓuya a lungun da raga ta haɗu da jikin kofi zai jiƙe, ya bushe ya zama kamar siminti, ya toshe hudoji. Idan bai bushe sosai ba kuma, fumfuna ta samu gida. Idan jikin na gwangwani ne da aka yi wa rufin kuza, ba ƙarfe mara tsatsa ba, tsatsa za ta biyo baya, kuma a cikin abincin da za ka sayar wa mutane za ta sauka. Mafi sauƙi shi ne bayan kowane aiki ka kifa ta, ka bubbuga, ka bi ta da busasshen buroshi, ka sa ta a leda ka ɗaure don ƙwari. In dole sai an wanke, to a shanya ta a rana har ta bushe ƙayau. Kuma kada ka ɗauka tankaɗe yana tsarkake fulawar da ƙwari suka shiga. Manyan za su tsaya, amma ƙwansu ƙanana ne, suna iya bin gari su wuce.

Idan duk da haka kana so, to ka fi son wadda za ka riƙe a hannu kafin ka biya, a kan wadda hoto kawai ka gani. Ɗaga ta sama ka kalli haske ta cikin ragar, hudojin su zama iri ɗaya, babu inda waya ta karkace. Bi bakin ragar da yatsa ka ji ko akwai tsinin da zai iya karyewa ya faɗa cikin gari. Idan mai kunama ce, matsa ta sau ashirin a jere a gaban mai shagon, ka ji yadda hannunka ya yi, kuma ka zaɓi mai raga ɗaya ko wadda ake iya kwance ƙasanta. Idan mai juyawa ce, kama sandar ka girgiza ta sama da ƙasa, bai kamata ta yi rawa a mazauninta ba. Sannan ka juya ta babu komai a ciki ka kasa kunne. Shuuu a hankali kake son ji. In ka ji ƙarar kankara, ko ka ji shiru ɗif kamar wayar ba ta kusa da ragar, ajiye masa kayansa ka ce ya miƙo wata.