Asalin Lambunan Binciken Tsirrai: Daga Magani Zuwa Kasuwa

Duk wanda ya ɗauki lambun binciken tsirrai a matsayin wurin shan iska kawai, to bai duba tarihinsa ba, domin neman magani ne ya haife shi. A Italiya aka kafa na farko-farko, a Pisa a 1544, sannan a Padua a 1545, don ɗaliban likitanci su ga ganyen magani a raye, su daina ruɗa mai warkarwa da mai guba. Na Padua yana nan inda aka fara shi, har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1997.

Daga baya Turawan mulkin mallaka suka mayar da lambunan makamin ciniki. A 1876 Henry Wickham ya kwashi irin itacen roba kusan 70,000 daga Brazil zuwa lambun Kew na Landan. Daga can aka kai dashen zuwa Sri Lanka da Singapore, kuma kafin 1920 Asiya ta ƙwace kasuwar roba. Lambun Aburi na Ghana, da aka buɗe a 1890, shi ma ya taimaka wajen yaɗa noman koko.

Wani zai ce ai sarakunan Masar da Sin sun tara tsirrai tun kafin Italiya. Gaskiya ne, amma tarawa daban, bincike daban. Abin da ya bambanta waɗannan lambuna shi ne kowace shuka tana da suna a rubuce da bayanin inda aka samo ta, don malami ya koyar, wani ya zo ya tantance.