Ƙwayar Zarra da Yadda Take Gina Abubuwa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin bayani a kan ƙwayar zarra da yadda take haɗuwa da 'yan'uwanta ta samar da duk abin da yake da nauyi kuma yake cin wuri, tun daga dutse har zuwa iskar da ake shaƙa. Tambayar da ta daɗe tana cin ran masana kimiyya ba baƙuwa ba ce ga mai nazarin harshe, wato yaya 'yan abubuwa ƙidayayyu suke haifar da abubuwan da ba su ƙidayuwa?

2.0 Asalin Kalmar

Hausa ta aro kalmar zarra daga Larabci, inda asalinta take nufin 'yar mitsitsiyar tururuwa ko ƙurar da ake gani tana yawo cikin hasken rana idan ya ratso ɗaki. (Kada a rikita ta da zarra ta fifiko, kamar a ce wane ya yi wa sa'o'insa zarra.) Turawa kuwa daga Girkanci suka samo tasu kalmar, atomos, ma'ana abin da ba ya yankuwa. Dimokiritus, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi da'awar cewa idan aka yi ta raba abu, dole a tarar da ƙwayar da rabo ya tsaya a kanta. Malaman tauhidi na Ash'ariyya, irin su Baƙillani, su ma sun tattauna jauharin da ba ya rabuwa. Duk wannan hujjar hankali ce. Sai a 1808 John Dalton na Ingila ya kafa batun bisa awo, ya nuna cewa kowane sinadarin asali yana da irin tasa ƙwayar, mai nauyinta na musamman.

3.0 Cikin Ƙwayar

Ƙanƙantar zarra ta kai a jera kimanin miliyan 10 a tsawon milimita ɗaya. Duk da haka sunan da Girkawa suka raɗa mata bai tabbata ba. A 1897 J. J. Thomson ya gano ilektaron, wani ɗan ɓangare mai cajin lantarki na ɗebewa. A 1911 Ernest Rutherford, bisa gwajin da aka yi na harba wasu ƙwayoyi ga siririn fallen zinari, ya lura cewa mafi yawansu wucewa suke yi salin-alin, 'yan ƙalilan ne suke komowa baya. Daga nan ya fahimci cewa kusan dukkan nauyin zarra ya taru a wata 'yar cibiya, saura kuwa fili ne. Faɗin cibiyar bai wuce kashi ɗaya cikin 10,000 na faɗin ƙwayar ba. A cikinta akwai furoton mai cajin tarawa, da nutaron wanda ba shi da caji, wanda James Chadwick ya gano a 1932. Furoton ya ninka ilektaron nauyi sau 1,836.

A nan ya kamata a ja kunnen masu fassara littattafan makaranta. Hoton da aka saba zanawa, na ilektaron yana kewaya cibiya kamar yadda duniya take kewaya rana, ya samo asali ne daga tsarin Niels Bohr na 1913, kuma tun 1926 lissafin Schrödinger ya maye gurbinsa. Abin da ake iya faɗa shi ne yankin da ya fi yiwuwa a sami ilektaron, ba turbar da yake bi ba. Fassarar da ta ce "yana zagayawa" ta ɗora wa ɗalibi kuskuren da zai sha wuyar saukewa.

Mai nazarin tsarin sauti ya san irin wannan tarihi. An ɗauki ƙwayar sauti a matsayin tubali na ƙarshe, sai Jakobson da Fant da Halle suka warware ta zuwa siffofi masu bambantawa a 1952. Haka furoton da nutaron: a 1964 aka kawo ra'ayin cewa su ma ginannu ne daga wasu ƙanana da ake kira kwak, gwaji kuma ya tabbatar. Ita cibiyar ma tana tsagewa, kamar yadda aka gano a Jamus a 1938 da yuraniyam, ma'adinin da ake haƙa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar. Daga nan wutar nukiliya da makaman ƙare-dangi suka samo tushe.

4.0 Daga Ƙwaya Zuwa Abu

Yawan furoton shi ne yake tantance sinadari. Mai furoton 1 haidurojin ne, mai 6 kabon, mai 8 oksijin, mai 26 baƙin ƙarfe, mai 79 zinari, mai 92 yuraniyam. Sinadaran asali da aka sani 118 ne, kimanin 90 daga cikinsu ake samu a halitta da ɗan yawa, sauran akasari a ɗakin gwaji ake ƙera su. Jadawalin da Mendeleev na Rasha ya tsara a 1869 shi ne, a iya cewa, abacadar wannan fanni.

Kwatanta zarra da haruffa tsohon abu ne, domin mawaƙin Rum Lukiritiyas ya yi shi tun ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma har yanzu yana da amfani. Kamar yadda harshe ba ya yarda kowane sauti ya bi kowane sauti, haka zarra ba ta haɗuwa da ka. Ilektaron na can waje su ne suke yanke hukunci: ko dai ƙwayoyi biyu su yi tarayya a kansu, ko ɗaya ta sallama wa ɗaya. Ta hanyar tarayya ne haidurojin biyu da oksijin ɗaya suke zama curin ruwa. Ta hanyar sallamawa ne sodiyam, ƙarfen da yake iya kamawa da wuta idan ya taɓa ruwa, da kulorin, iska mai guba, suke zama gishirin miya. Halin abin da aka haɗa ba ya bin halin sassansa, kamar dai yadda ba a samun ma'anar kalma a cikin baƙaƙe da wasulanta.

Jeri ma yana da nasa tasiri. Baka da kaba haruffansu ɗaya ne. Haka bakin fensir da dutsen daiman, dukkansu tushensu kabon ne. A fensir ƙwayoyin sun kwanta falle-falle suna zamewa a kan juna, shi ya sa yake barin sawu a takarda. A daiman kowace ƙwaya ta riƙe huɗu gam, har ya zama yana yanka gilashi. Ƙanƙara da ruwa da tururi kuwa curinsu ɗaya ne, bambancin yana ga yawan motsin da zafi ya ba su.

Akwai kuma abin da ya yi kama da tagwan kalmomi masu bambancin sauti guda, irin kasa da ƙasa. Kabon ɗaya da oksijin biyu shi ne iskar da mutum yake fitarwa a numfashi. Kabon ɗaya da oksijin ɗaya kuwa shi ne gubar da take fita daga janareta ko gawayin da aka hura a rufaffen ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin, mai barci ya wuce bai farka ba. Hausar yau da kullum tana kiran wannan "hayaƙi" kawai, alhali hayaƙi abu ne da ido yake gani, wannan guba kuwa takan cika ɗaki ko da babu hayaƙin da za a gani.