Kafin Ƙungiya Ta Sayi Mota: Abin Da Muka Koya A Warra

Ni ce magatakardar ƙungiyarmu ta adashi a nan Warra, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski. Mu 25 ne. Yawancinmu bandar kifi muke yi, wasu kuma turarar shinkafa da sayar da albasa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, wannan tafki shi ne abincin gidajenmu, amma kifi ba ya zama kuɗi sai ya isa kasuwa da kyansa. A nan maganar mota ta shigo.

Shekara da shekaru muna biyan kuɗin ɗaukar kaya zuwa Yauri. Sau da yawa a ɗora buhun hatsi a kan kwalin kifinki, kafin a isa rabi ya zama gari. Ga kuma dare: naƙuda ta tashi, ko yaro ya suma, a yi ta buga ƙofofi ana neman mai mota. Da rabon shekara ta huɗu ya matso, sai muka ce kowace ta bar wani kaso na rabonta mu sayi motar ƙungiya. Abin da zan faɗa muku a nan shi ne yadda saura ƙiris mu zubar da wannan gumi, da matakan da suka cece mu.

Motar da ta kusa cinye mu

Wani dillali ya ji labarin muna da kuɗi a hannu. Sai ga shi da mota baƙa wul, tana sheƙi, kujerun fata, ga sanyi kamar ɗakin banki. Wallahi duk mun rikice. Farashin ma bai kai yadda muka zata ba. Har mun fara maganar kafin alƙalami, sai dattijuwarmu mai riƙe da ɗaya daga cikin makullan akwati ta ce, "'Ya'yana, ku dakata. Idan ta kwanta, wa zai tashe ta?"

Muka kira wani tsohon makaniki. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya buɗe inji, ya miƙe ya ce, "Hajiya, motar kwalta ce wannan. Cikinta dab yake da ƙasa. Kuma idan ta yi ciwo sai an sa mata kwamfuta, kayanta kuwa sai an aika birni a jira." Muka ba dillali haƙuri. Daga baya muka ji wani ya saye ta, ba ta rufe wata uku ba ta kwanta a ƙofar gidansa, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Daga ranar muka gane cewa hanya da makaniki su ne za su zaɓa mana mota. Ga tambayoyin da muka bi ɗaya bayan ɗaya.

1. Wane aiki za ta yi?

Ku zauna a taro ku rubuta. Kaya za ta fi ɗauka ko mutane? Kwali nawa, buhu nawa, sau nawa a mako? Ina da ina za ta je?

Idan zirga-zirgar cikin gari ce, daga bakin ruwa zuwa kasuwa, Keke Napep ta wadatar, kuma ta fi sauƙin mai da gyara. Idan kaya ne zalla, buhunan shinkafa da albasa, a-kori-kura ta fi. Idan kuwa ana son haɗa mutane da kaya, da kai marar lafiya asibiti, to ƙaramar mota mai dogon baya ita ce daidai. Bas irin Hiace tana da kyau, amma sai kuna da tabbacin cika ta kullum, in ba haka ba mai kawai za ta riƙa sha.

2. Wace hanya za ta bi?

Babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta ratsa Yauri da Koko zuwa Jega daban take da hanyoyin tungayen bakin ruwa, inda rani yashi, damina taɓo. Ku auna mota da mafi munin hanyar da za ta bi a watan Agusta. Mu da za mu riƙa bin hanyar Warra zuwa Malando mu ɓulle Yauri, mu kuma shiga ƙauyuka ɗauko kifi, dole mu nemi mai tsayi daga ƙasa. A loda mata kaya irin wanda za ta riƙa ɗauka, sannan a leƙa a ga tazarar da ta rage tsakanin salansa da ƙasa. Motar da ta zauna da buhu uku, ba taku ba ce.

3. Wa zai gyara ta, kuma ina kayanta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace. Dabarar da muka yi mai sauƙi ce: mun tura mata biyu tashar Yauri suka zauna tun safe, suna ƙirga irin motocin da ke lodi. Motar da direbobin haya suka fi yawa da ita, ita ce hanya ta riga ta gwada, ita ce kuma kowane makaniki ya san cikinta. A ƙasar nan za ku ga Golf, da Sharon, da Toyota iri-iri sun cika tashoshi saboda wannan dalili. Haka Fijo ta yi zamaninta a Arewa, domin tun 1975 ake haɗa ta a Kaduna, kayanta kuma har ƙauye ana samu.

Daga nan sai ku shiga shagon masu kayan gyara ku tambayi kuɗin takalmin birki, da kuloci, da shokozoba, da famfon mai na motar da kuke so. Idan mai shago ya ce "sai an yi oda", ku sake shawara. Mun kuma zaɓi mai giyar hannu, domin makanikanmu sun fi sanin ta, kuma idan batir ya mutu a daji ana tura ta ta tashi.

4. Nawa take sha?

Kuɗin saye sau ɗaya ake biyansa, mai kuwa kullum ne. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000. Don haka kada ku yarda da "ai ba ta shan mai" daga bakin mai sayarwa. A cika tanki, a yi tafiyar da kuka saba da lodi, a dawo a sake cikawa. Abin da ya shiga karo na biyu shi ne abin da ta sha.

Ga misali. A ce wata mota tana shan lita 10 a zuwa da dawowa, wata kuma lita 15. Bambanci lita 5 ne, ba ya tayar da hankali. Amma idan sau biyu ake tafiyar a mako, cikin makonni 52 ya zama lita 520. Ku ninka da farashin yau, za ku ga jarin mata nawa ke ƙonewa a salansa.

5. Yadda ake duba ta

Ku tafi da makanikinku, wanda ku kuka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Ku je da sassafe kafin a tayar da inji, domin inji mai zafi yana ɓoye ciwonsa. Ko mace ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, tana iya lura da waɗannan:

Hayaƙi. Shuɗi na nufin inji yana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa, ruwa na shiga inji. Baƙi kuwa, tana zubar da fetur a banza.

Murfin baƙin mai. Idan kin ga abu kamar kindirmo a jikinsa, ruwa ya gauraya da mai. Gyara ne babba.

Ƙasa. A bar ta a tsaye na ɗan lokaci, sannan a matsar da ita a duba ko ta ɗiga mai ko ruwa.

Jiki. A bi shi da mayen ƙarfe. Inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, an cike wurin ne an shafe da fenti bayan hatsari.

Ƙarƙashin shimfiɗa. Busasshen taɓo ko warin ruma alama ce ta motar da ta taɓa nutsewa a ambaliya. Wayoyinta ba za su bar ku ku huta ba.

Taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Idan kin ga 2319, mako na 23 ke nan na 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba, tana fashewa a zafin kwalta, kuma jami'an kiyaye haɗurra na FRSC suna duba wannan lamba. Kada a manta da safaya da jak.

A ƙarshe a hau ta a bi gargada, a taka birki da ƙarfi a ga ko tana ja gefe guda, a kuma sa ido a kan allurar zafi.

6. Takardu

Mota mai arha marar takarda, ta kwastan ce ko ta 'yan sanda, aro kawai aka ba ku. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, saboda haka duk motar da aka ce 'yar Kwatano ce, a nemi takardar biyan kwastan, a kuma tabbatar da ita a ofishinsu. Lambar shasi da ke jikin mota ta zo daidai da ta takarda, harafi da harafi. Idan ta hannu ce, a ga mai ita ido da ido, a rubuta takardar ciniki gaban shaidu, a canja suna.

Sai lasisin mota, da takardar lafiyar mota daga VIO, da inshora. Tun Janairun 2023 inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce a shekara, ta motar haya kuma kuɗinta daban. Ku kula, akwai ta jabu a bakin hanya. Idan za ku ɗauki fasinja, lambar haya mai jan rubutu za a yi, a kuma yi rajista da 'yan yuniyon na tasha.

Abu mafi muhimmanci: sunan ƙungiya za a sa a takardu idan tana da rajista. In babu, a sa sunayen amintattu uku daga cikinku, da yarjejeniya a rubuce gaban mai unguwa. Kada a sa sunan mijin kowa, ko ɗan kowa, komai kirkinsa. Rai a hannun Allah yake, kuma ranar rabon gado takarda ake dubawa.

7. Jin daɗin zama da yawan lodi

Mu jin daɗi a wurinmu ba kujerar fata ba ne. Mun sa mai juna biyu da dattijuwarmu suka shiga baya, muka tambaye su: shiga da fita da sauƙi? Akwai wurin miƙe ƙafa? Gilasai na sauka? Kujerar baya tana kwanciya, yadda za a shimfiɗar da marar lafiya? Bel yana aiki? Mun kuma sa leda mai kauri a bayan motar, don kada ƙarnin kifi ya kama ta.

Game da lodi kuwa, mutanen Warra ba sa buƙatar dogon wa'azi. Ba mu manta watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin ruwan da ya taso daga jihar Neja zuwa nan ya nutse da ɗimbin mutane, hukumomi kuma suka ce an yi masa lodi fiye da ƙima. Allah Ya jiƙan su. Dokar ruwa ita ce dokar tudu. Mun rubuta adadin mutane da na kaya da motarmu za ta ɗauka, direban da ya ƙetare ya ajiye makulli.

8. Bayan an saya

Kada ku zuba duk kuɗinku a ciniki. Mun ware kaso ɗaya cikin biyar don takardu, da sabbin tayoyi, da juyen mai na farko, kuma sai da ya ƙare tas. Ba mu taɓa asusun taimakon gaggawa ba, ba mu kuma hana ba da rance ga membobi saboda mota ba.

Mun buɗe mata littafi nata daban. Abin da ta samo, bayan an cire mai da haƙƙin direba, kashi biyu muke yi: ɗaya na gyara, ɗaya na riba. Na gyara ba a taɓa shi ko da sallah ta zo. Direba sai mai lasisi, da wanda zai tsaya masa. Memba ma tana biyan kuɗin kayanta, da ɗan rangwame. Tafiyar asibiti da dare kuwa, kuɗin mai kawai ake biya, ko daga baya ne. Aron biki babu, an rubuta, kowa ta sa hannu, don kada kunya ta kashe mana mota.

Mu dai tsohuwar Golf mai dogon baya muka ƙare da ita, fentinta ma ya koɗe. Ranar da aka kawo ta wasu sun yi mana dariya. Takan yi ciwo kamar kowace mota, amma ba ta taɓa kwana uku a gareji ba, domin abin da take nema yana Yauri.

In kuma kun yi lissafi kuka ga abin da za ta samo ba zai ɗauki mai da direba da gyara ba, to ku haƙura tukuna. Ku haɗa kayanku ku yi shatar mota ɗaya ranar kasuwa, ku ƙara shekara guda kuna tarawa. Wannan ma shawara ce mai kyau, babu abin kunya a ciki.

Tambayoyin tattaunawa a taronku na gaba

Nawa kowace ke kashewa a ɗaukar kaya a wata? Wace mota ce ta fi yawa a tashar da ta fi kusa da ku? Idan motar ta kwanta wata guda, daga ina kuɗin gyara zai fito? Sunan wa za a sa a takardu?

Allah Ya sa wa neman kowa albarka, Ya kai mu gida lafiya.