Karen Azawak: Ko Ya Dace Musulmi Ya Ba Da Gudummawar Ceto Shi?

Idan aka zagayo da takardar neman gudummawa a kasuwa ko a ofis, aka ce ta ginin masallaci ce ko ta jinyar wani bawan Allah, ba a cika yin gardama ba, kowa sai ya sa hannu a aljihu gwargwadon ƙarfinsa. Amma da za a ce kuɗin na ceton wani irin kare ne da ake tsoron ƙarewarsa, lalle da yawa daga cikinmu sai su yi tsaki, su ce wannan kuma sai Nasara. To, ga shi kuwa an daɗe ana irin wannan tara kuɗi a Turai da Amurka, kuma karen da ake yi dominsa ba na Turawa ba ne. Na maƙwabtanmu ne Musulmi, makiyayan Azawak, waɗanda muke salla sahu ɗaya da su, muke kuma bin mazhaba ɗaya. Sabo da haka muka ga ya kamata mu duba al'amarin a wannan fili, kada mu yanke hukunci da ƙyama kawai.

Azawak dai sunan wani busasshen kwari ne mai faɗin gaske, wanda ya ratsa arewa maso yammacin Jamhuriyar Nijar, wajen Abalak da Cintabaradan a jihar Tawa, ya tsallaka cikin Mali wajen Menaka. Masu harkar dabbobi sun san sunan, domin daga can shanun Azawak masu yawan nono suka fito. A wannan ƙasa, har zuwa arewacin Burkina Faso, Abzinawa da Buzaye da Fulani suna da wani kare dogo, siriri, mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, wanda in ka gan shi sai ka ce yunwa ce ta kama shi, alhali kuwa halittarsa ke nan. Namiji yakan kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, amma nauyinsa bai wuce kilo 20 zuwa 25 ba. Da harshen Tamashek ana ce masa idi, watau kare, tsantsar irin kuwa ana ce masa oska. Da rana yana bin garke, da dare yana tsaron zango daga kura da dila da baƙon da bai yi sallama ba, in kuma aka fita farauta yana cim ma barewa da zomo da gudu. Abincinsa shi ne na maigidansa, gero da nono. Karyar kuwa galibi sau ɗaya take haihuwa a shekara, kuma a al'adar makiyayan ba a raya dukkan 'yan kwikwiyon, sai wanda gida zai iya ciyarwa. Ka ga ke nan tun asali ba kare ne mai yawa ba.

Abin da ya rage shi ba ɓoyayye ba ne ga dattawanmu. Farin 1973 zuwa 1974 ya kashe dukiyar makiyayan nan, har aka tara dubbansu a sansanin Lazare da ke bakin Yamai ana ba su tsaba. Ba su gama farfaɗowa ba sai na 1984 ya sake aukuwa. Mutumin da ya wayi gari ba raƙumi ba akuya, me zai yi da karen garke, kuma da me zai ciyar da shi? Da yawansu suka gangaro Sakkwato da Katsina da Kano neman abin kai wa bakin salati, kuma cikinsu ne aka sami Buzayen da suka riƙa gadin kantuna da gidajen ma'aikata. Mai yiwuwa ne wanda ya kwana a ƙofar shagonka da takobi, mahaifinsa yana da irin wannan kare a ƙofar bukkarsa. Ban da fari, masu farauta da mota da bindiga sun share namun dajin, har mariri ya ɓace daga dajin Sahel ƙaf, sai a 2016 aka fara mai da shi cikin ƙasar Cadi daga waɗanda aka kiwata a waje. Daga baya kuma ga tawayen shekarun 1990, ga rikicin arewacin Mali tun daga 2012, ga kisan da aka yi wa mutum 137 a ƙauyukan Tiliya a watan Maris na 2021. Duk inda zango ya watse, karensa ya watse.

Yadda Turawa suka shigo cikin maganar kuwa, a farkon shekarun 1970 ne wani jami'in jakadancin Yugoslabiya da wasu Faransawa ma'aikata da sojoji suka koma gida da 'yan ƙalilan daga cikin karnukan. Suka hayayyafa a can, ƙungiyar rajistar karnuka ta duniya ta karɓe su a matsayin iri mai zaman kansa a farkon shekarun 1980, babbar ƙungiyar Amurka kuwa sai a 2019. Amma da yake daga karnuka kaɗan aka fara, sai auren zumunci ya yi musu yawa, har aka riƙa ganin farfaɗiya a wasu zuriyoyin. Masu kiwon suka gane cewa in ba a riƙa samo sabon jini daga Sahel ba, abin da ke hannunsu zai lalace. A shekarun 1990 aka kafa wata ƙungiya a Burkina Faso mai suna ABIS, wadda membobinta na ƙasashen waje suka riƙa tara kuɗi suna zuwa rangadi zango zango, suna rubuta bayanin karnukan da suka gani, suna yi musu allura, suna kuma kai wa mutanen magani da abinci. Wannan shi ne asalin gudummawar da muke magana a kai.

Yanzu sai mu zo ga hukunci. Da farko ya kamata mai karatu ya tuna cewa ƙyamar kare da muka tashi da ita ta fi abin da littattafanmu suka faɗa tsanani. A mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, jikinsa da yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki, malamanmu sun ɗauke shi bin umurni ne na bauta, ba don ƙazanta ba. Imamu Shafi'i ya saɓa a nan, kuma ba mu raina hujjarsa ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo wa maigidansa in an ambaci sunan Allah. Hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar da Abu Huraira, Allah Ya yarda da su, sun nuna ladan mutum yana raguwa kullum in ya ajiye kare, amma sun togace karen farauta da na kiwo da na gona. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane almajiri a ƙasar nan ya karanta, ta bi wannan hanya, ta kuma ƙara sharaɗi mai muhimmanci: farautar ta zama ta neman abinci, ba ta wasa ba. In muka auna karen Azawak da wannan ma'auni, a gidan makiyayi ya cika sharaɗi biyu cikin uku, ba tare da wani tawili ba.

Masu sharhin Risala ma sun kawo labarin cewa shi Ibn Abi Zaid, da katangar gidansa ta faɗi a Ƙairawan a lokacin tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi haka, ya amsa da abin da ke nufin da Malik ya ga zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Mutanen Tiliya da Menaka ba su bukatar a fassara musu wannan magana.

Sa'an nan akwai batun ƙarewar iri. An ba da umurnin kashe karnuka a Madina a wani lokaci, daga baya aka janye shi, kuma dalilin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambata a hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal shi ne kasancewarsu al'umma ce daga cikin al'ummu. Wannan ya dace da aya ta 38 a Suratul An'am. Malamai sun fahimci cewa ba a son shafe wani jinsi na halitta daga bayan ƙasa. Gaskiya ne karen Azawak iri ne cikin karnuka, ba jinsi ne dabam ba, kada mu ɗora wa hadisi abin da bai ɗauka ba. Amma halitta ce da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tacewa har ta dace da zafi da ƙishirwa da yunwar wannan ƙasa, kuma in ta tafi, karen Turai da attajiranmu ke saye da tsada ba zai yi kwana uku a bayan garke a Azawak ba.

Game da lada kuwa, hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa, yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. Wani abin da ya fi ba mu mamaki yana cikin babin taimama na Muhtasar: matafiyin da ruwansa bai wuce na alwala ba, in ya ji tsoron ƙishirwa za ta halaka wata dabba mai alfarma da ke tare da shi, sai ya shayar da ita ya yi taimama, kuma masu sharhi sun sa karen da aka yi izinin ajiyewa a cikin masu alfarmar. Shari'ar da ta ce a bar alwala domin ran karen makiyayi, da wuya a ce ta hana a ba da naira domin allurarsa.

Amma fa akwai iyaka, kuma a nan ne 'yan kasuwa za su buɗe kunne. Ba a ba da zakka a wannan hanya. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas, dabba ba ta ciki, ko da ta fi kowace dabba daraja. In makiyayin fakiri ne, a ba shi zakka don talaucinsa, ya yi yadda ya ga dama da ita. Abin da za a sa a asusun kare sadakar ganin dama ce kawai. Na biyu, a kula kada gudummawa ta rikiɗe ta zama ciniki. Hadisin Abu Mas'ud ya hana kuɗin kare, kuma mashahurin zance a mazhabarmu shi ne ba a sayar da shi ko da na farauta ne, sai dai wanda ya kashe shi ya biya ƙimarsa. Sahnun ya halatta, Abu Hanifa ma haka. Saɓani ne sananne, amma wanda ya ce yana tara kuɗin ceto alhali yana sayen 'yan kwikwiyo da arha a zango yana kai wa Turai da tsada, wannan fatauci yake yi, sai ya kira shi da sunansa. Makiyayan kansu a da kyauta suke bayar da oska ga wanda suka girmama.

Mun san za a ce: mutane na kwana da yunwa, yara ba makaranta, ku kuna maganar kare? Tambaya ce mai nauyi, kuma in abin ya zama zaɓi tsakanin ran mutum da ran kare, ba mai hankalin da zai tsaya shawara. Sai dai a Azawak abin bai rabu haka ba. Karen ba ya rayuwa sai da garke, garke ba ya rayuwa sai da rijiya, rijiya kuwa a can wani wuri sai an nutsa mita 200 kafin a tad da ruwa, abin da ya fi ƙarfin zango ɗaya. Haka kuma allurar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, ciwon yakan yanke. Wanda ya biya kuɗin allurar karen zango, ɗan makiyayi ya tsare, ko ya nufa ko bai nufa ba.

A nan ne muke da magana da masu tara kuɗin na ƙasashen waje, ko da yake ba mu hana su yabon da suka cancanta ba, domin sun rubuta abin da mu maƙwabta ba mu damu mu rubuta ba. Kashi mai yawa na ƙoƙarinsu yana tafiya ne wajen gasar nuna karnuka, inda alƙali zai auna tsawon ƙafa da launin gashi ya ba da lambar yabo. A ganinmu wannan adana siffa ce kawai. Karen da bai taɓa jin warin kura ba, wanda ke kwana kan kujera a Jamus, sunan Azawak gare shi, amma aikin da ya sa shari'a ta yi izini da shi ya bar shi a baya, ya koma abin wasan da Risala ta togace. Musulmi ba shi da dalilin sa kuɗinsa a nan. Gwamnatin Nijar ta daɗe da tashar Tukunus kusa da Filinge domin kyautata irin shanun Azawak, kuma da ma'aikatan dabbobi da ke fita yi wa shanu allura za su riƙa haɗawa da karnukan zango a tafiya ɗaya, da an yi aiki mai yawa da kuɗi kaɗan.

Wanda aka kawo wa irin wannan takarda, to, ya yi mata tambayoyin da yake yi wa kowace. Kuɗin da aka tara da sunan abu amana ne, ba ya halatta a juya shi zuwa wani abu sai da yardar masu bayarwa, kuma ma'aikatan da suka saba da littafin kuɗi sun san yadda kuɗin mota da na masauki ke cinye rabin asusu kafin a isa inda za a. Ya tambaya wane zango za a je, wane ne daga cikin makiyayan yake cikin masu riƙon kuɗin, kuma karnukan za a bar su wurin masu su ne ko za a ɗauke su. In an ce masa allura za a saya, ya tambaya a cikin me za a ɗauke ta, domin maganin yana son sanyi, daga Tawa zuwa Cintabaradan kuwa tafiya ce mai nisa cikin rana.