Yadda Ake Faɗaɗa Ma'ajiyar Kwamfuta Ba Tare Da An Rushe Ta Ba

MINNA: A unguwar Shango, inda kwalejin ilimi ta Jihar Neja take, shagunan buga takardu da na rajistar jarrabawa sun daɗe da zama hanyar cin abincin jama'a da dama. Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, harkar ta ƙara bunƙasa. Bugu da ƙari, a Minna ne hedikwatar hukumar NECO take, wadda aka kafa a 1999. Saboda haka birnin ya zama matattarar takardun shaida da hotunan ɗalibai da kundayen bincike, waɗanda akasarinsu yanzu a faifan kwamfuta ake adana su.

Matsalar da ke fuskantar duk mai irin wannan ajiya iri biyu ce: ko faifan ya mutu, ko kuma ya cika. Maganin ta farko sananne ne. A shekarar 1988 wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, wato David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka fito da bayanin tsarin da ake kira RAID, inda ake haɗa faifai da yawa su yi aiki tamkar guda ɗaya, ta yadda in ɗaya ya lalace sauran za su riƙe bayanan.

Lissafin abin ba shi da wuya, kuma shi ne ya kamata mai kuɗi ya fara dubawa. A ɗauka an sayi faifai huɗu, kowanne mai cin terabayit 4. In aka yi musu haɗin RAID 0 za a mori terabayit 16 cif, amma da zarar ɗaya ya mutu komai ya salwanta. Haɗin RAID 5 yana ba da 12, kuma yana jure mutuwar faifai ɗaya. RAID 6 kuwa 8 kawai yake bayarwa, sai dai yana jure mutuwar biyu. Wato dai kashi 25 ko kashi 50 cikin ɗari na abin da aka saya ya tafi a matsayin kuɗin inshora. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, wannan inshora ta ƙara tsada, domin duk faifan da ke kasuwa daga waje aka shigo da shi.

Matsala ta biyu ita ce aka fi sakaci da ita. A bisa tsohuwar al'ada, ranar da aka kafa na'ura ake yanka faifan gida-gida: wannan na hotuna, wancan na lissafin kuɗi. Kamar mai sito ne da ya raba shi da katangar bulo. Bayan shekara biyu sai ɗakin shinkafa ya cika maƙil alhali na doya yana nan rabi, kuma ba dama a matsa katangar sai an kwashe kaya an rushe.

Abin da ke warware wannan shi ne wata manhaja da ake kira LVM, wadda Heinz Mauelshagen ya rubuta wa tsarin Linux a 1998. Ana ɗora ta ne a bisa RAID. Ita ke tattara dukkan sararin da ke ƙasa ta mai da shi rumbu guda, ta gutsuttsura shi ƙanana-ƙanana, galibi megabayit 4 kowane gutsure, sannan ta riƙa ba kowane ɗaki gwargwadon buƙatarsa. Katangar ta koma ta katako ke nan, wadda ake iya turawa gaba. A can sama kuma sai tsarin jera fayil, irin su ext4 ko XFS, wanda shi ne ke sanin inda kowace takarda take.

Hawa uku ke nan, kuma tilas a bi su a jere. In za a faɗaɗa, daga ƙasa ake farawa: a ƙara faifai a cikin RAID, a sanar da LVM cewa rumbu ya ƙaru, a ƙara wa ɗakin da ya cika, daga ƙarshe a miƙe tsarin fayil ya cike sabon wurin. In kuwa ragewa za a yi, daga sama ake sauko wa. Wanda ya rage ɗaki kafin ya rage tsarin fayil ɗin da ke cikinsa ya datse bayanansa da hannunsa, kuma da wuya a maido su.

A nan ne zaɓin ranar farko yake da nauyi. Ana iya faɗaɗa ext4 na'ura tana cikin aiki, amma ragewa sai an dakatar da amfani da shi. XFS kuwa, wanda kamfanin Silicon Graphics ya ƙirƙiro, faɗaɗa shi ake yi, kusan ba a rage shi sam. Don haka dabarar da ta fi dacewa ita ce a ba kowane ɗaki kaɗan da farko, a bar ragowar a rumbu ba a raba ba. Masu ofisoshi kan ga wannan kamar asara ce, an sayi wuri an bar shi fanko, alhali kuwa shi ne jarin da za a juya duk inda buƙata ta taso.

Sai kuma batun wuta. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma hakan bai hana ɗaukewar lantarki a Minna ba. Ƙara faifai a haɗin RAID 5 yana nufin sake shimfiɗa dukkan bayanan a kan faifan gaba ɗaya. Faifan terabayit 4 mai gudun megabayit 150 a daƙiƙa yana bukatar fiye da awa 7 kafin a karance shi sau ɗaya tak, sake shimfiɗawa kuwa ta kan ɗauki fiye da haka nesa. Ko da yake manhajar na iya ci gaba daga inda ta tsaya, yankewar wuta a tsakiyar rubutu na iya barin bayanai da lissafin da ke kare su ba su dace da juna ba. Shi ya sa kuɗin batir da inbata da man janareta na wannan rana suke cikin farashin faɗaɗawar, ko da dillalin faifai bai ambata ba.

Haka nan wanda akwatinsa ba shi da gurbin ƙarin faifai, sai dai ya riƙa musanya su da manya ɗaya bayan ɗaya, yana jiran kowanne ya gama cika. Ba zai ga ƙarin wuri ko kaɗan ba sai ya canza na ƙarshe, domin mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ke yanke wa sauran iyaka.

Ya kamata kuma a sani cewa RAID bai maye gurbin kwafin ajiya ba. Abin da ma'aikaci ya goge bisa kuskure, ko ɓarawo ya ɗauke, ko gobara ta cinye, ya tafi daga dukkan faifan lokaci guda. Ganin cewa dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, kamata ya yi a ɗauki cikakken kwafi a kai shi wani gini dabam kafin a taɓa ko da hawa ɗaya daga cikin ukun.