Ƙure wa Kwamfuta Maleji: Ina Ribar Take?

A shekarar 1998 kamfanin Intel ya fitar da wata furosesa mai araha, Celeron 300A, mai gudun megahaz 300. Ba a jima ba masu ƙwaƙule-ƙwaƙulen kwamfuta suka gano cewa idan aka ɗaga saurin layin da ke haɗa ta da madabod daga 66 zuwa 100, sai ta kai megahaz 450, ta riƙa goga kafaɗa da Pentium II da ta fi ta tsada nesa ba kusa ba. Wannan garaɓasa ce ta sa mutane da yawa suka kamu da son tura kwamfutar tebur fiye da gudun da kamfani ya yanka mata.

Lissafin ba wuya. Akwai agogon tushe, wanda a yau galibi megahaz 100 ne, akwai kuma lambar ninki. Ninki 45 ya ba da gigahaz 4.5. Mai son ƙari sai ya shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ya ɗaga lambar ninkin kaɗan-kaɗan. Intel ta keɓe wannan dama ga furosesa masu harafin K a kan madabod jerin Z, AMD kuwa ta bar yawancin Ryzen a buɗe.

Inda gizo ke saƙa shi ne wuta. Gudu ya ƙaru, sai furosesa ta nemi ƙarin bolt, in ba haka ba ta dinga kuskuren lissafi tana sandarewa. Cin wutar kuma ba daidai da bolt yake hawa ba: ƙara kashi 10 na bolt kaɗai yana jawo ƙarin wuta kusan kashi 21, kuma duk zafi yake komawa. Da furosesar Intel ta kai wajen digiri 100, da kanta take rage gudu. Waɗanda suka haura gigahaz 9 a ƙarshen 2022 da Core i9-13900K, ruwan hiliyom suka riƙa kwarara mata, ba fanka ba. Wannan gasa ce, ba aiki ba.

A ganina, ribar taɓa furosesa ta ragu ƙwarai. A 2011 mai i5-2500K yakan ɗauke ta daga gigahaz 3.3 zuwa 4.5 cikin ruwan sanyi. Na yanzu kuwa suna ƙara wa kansu gudu gwargwadon sanyin da suka samu, ɗan abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Ram ce ake yawan yin asara a kanta ba a sani ba. Mutum ya sayi DDR4 da aka rubuta 3200 a kwalinta, ya soka, sau da yawa sai ta tashi a 2133 har sai an kunna saitin XMP a BIOS (a DDR5 ta ɓangaren AMD sunansa EXPO). Dannawa ɗaya ce. Amma a bi ta da gwajin MemTest86 na wasu awanni, domin ram mai tangal-tangal takan lalata fayil shiru, ba tare da allo ya nuna komai ba.

Wanda ke Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ƙurar hunturu ta toshe fanka, wuta kuma ta janareta ce, gara ya bi hanyar da ta saɓa: ya rage bolt kaɗan, ya sabunta man da ke tsakanin furosesa da na'urar sanyaya ta, ya gwada da manhajar Prime95. In kwamfuta ta ƙi tashi bayan sauyi, a zare ta daga wuta, a cire ɗan batirin madabod na 'yan mintuna, saitin zai koma yadda ya zo daga kamfani.