Yadda Agwagwa Ke Daidaita Gishiri Da Ruwa A Jikinta

Mahaifiyata tana kiwon agwagi a bayan gidanmu da ke Kuje. Wata shekara da bazara, a watan Maris, uwar agwagin ta ƙyanƙyashe 'ya'ya 11. Kwanansu huɗu a duniya wani yaron gida ya juye musu ruwan da aka jiƙa kifi mai gishiri a kaskonsu, ga shi kuma babu wani ruwan a kusa. Kafin gari ya waye bakwai sun mutu. Uwar ta sha ruwan nan ita ma, amma ko gezau. Mutanen gida suka ce annoba ce. Ni dai abin ya tsaya mini a rai: me ya sa ruwa ɗaya ya kashe 'ya'ya ya bar uwa? Amsar tana cikin yadda jikin agwagwa ke sarrafa gishiri, kuma shi nake son in ɗan yi wa mai karatu bayani. Da yake Hausa koyonta na yi, inda ban sami kalma ba na ari ta masana na rubuta ta yadda bakin Bahaushe zai iya furtawa.

A cikin kowace lita ta ruwan jinin tsuntsu, kamar na mutum, akwai gishiri kimanin giram 9. Idan ya haura haka, sai ya janye ruwa daga ƙwayoyin halittar jiki, har da na ƙwaƙwalwa. A jikin ɗan Adam ƙoda ce ke fitar da rarar, domin tana iya yin fitsarin da ya ninka jini kauri kusan sau huɗu. Ƙodar tsuntsu ba ta kai nan ba, iyakarta ninki biyu ko sama da haka kaɗan. To amma ga tsuntsayen da ke rayuwa a teku, inda lita guda ke ɗauke da gishiri giram 35, suna sha suna rayuwa. Wannan ya daɗe yana ɗaure wa masana kai.

Wanda ya warware shi shi ne Knut Schmidt-Nielsen, haifaffen Norway da ya koyar a Jami'ar Duke ta Amurka, wanda kuma ya yi suna wajen binciken yadda raƙumi ke jure ƙishirwa a Saharar Aljeriya. A 1958 shi da abokan aikinsa suka bayyana cewa tsuntsun teku, idan aka ɗura masa ruwan gishiri, wani ruwa yakan riƙa ɗiga daga hancinsa, mai gishirin da ya fi na fitsarinsa nesa ba kusa ba. Ruwan yana fitowa daga wasu kaluluwa guda biyu da ke kwance a saman idanu. Mu kira su kaluluwar gishiri. Agwagwa ma tana da su.

Wa ke ba kaluluwar umarni?

A nan ne abin ya fi burge ni. Kaluluwar nan ba ta aiki kullum kamar ƙoda. Tana zaune shiru sai an tashe ta, kuma jijiyoyin laka ne ke tashinta. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani yanki da ake kira haifotalamos, inda wasu ƙwayoyin halitta ke ɗanɗana jini dare da rana. A kusa da zuciya kuma akwai masu auna yawan jinin da ke gudana. Da zarar gishiri ya yi yawa, saƙo zai bi ta jijiyar fuska zuwa kaluluwar. Bakin jijiyar ya saki wani sinadari mai suna asetilkolin, jini ya kwararo cikin kaluluwar, cikin 'yan mintoci ta fara tace gishiri tana turo shi ta hanci. Sai ka ga tsuntsu yana kaɗa kai yana watsar da ɗigon. An tabbatar da cewa aikin jijiya ne, domin idan aka yanke ta, ko aka ba tsuntsun maganin atrofin mai toshe saƙonta, ɗigon yakan tsaya cak.

Ita kuwa ƙoda ta fi sauraron saƙon da ke tafiya cikin jini, wato homon. Idan ruwa ya yi ƙaranci, haifotalamos ɗin nan dai shi ke sa a saki homon mai suna basotosin, wanda ke ce wa ƙoda ta rage fitsari ta riƙe ruwa. Idan kuma jini ya ragu, ƙoda da kanta takan tayar da wani mai suna anjiyotensin. Shi wannan yana sa ƙishirwa, yana sa a saki aldosteron mai tsare gishiri a jiki, sannan yana taka wa kaluluwar gishiri birki. Dalilin a fili yake: jikin da ya rasa jini ba ya son a zubar masa da ko ɗigo. Idan jini ya yi yawa kuma, zuciya na da nata homon da ke ƙarfafa fitar da gishirin. Yawancin wannan bayani an samo shi ne daga gwaje-gwajen da aka yi kan farar agwagwar Pekin, musamman a cibiyar Max Planck da ke Bad Nauheim a Jamus, a shekarun 1970 da 1980.

Akwai wata dabara kuma. Tsuntsu ba shi da mafitsara. Fitsarinsa kan gangara inda kashi ke taruwa, wani sashe ya koma baya cikin hanji, a sake tsotse ruwa da gishiri. Gishirin ya fita ta hanci, ruwan ya zauna a jiki. Farin da muke gani a kashin agwagwa ko kaza shi ne ragowar fitsarin.

Komawa Kuje

Kaluluwar gishiri kamar dantse take, sai da aiki take girma. Agwagwar da ta saba da ruwan daɗi tata ƙarama ce. Idan aka riƙa ƙara mata gishiri a ruwa kaɗan-kaɗan, cikin kwanaki kaluluwar za ta kumbura ta ƙara ƙarfi. Idan kuwa aka afka mata da shi lokaci guda, za ta sha wuya. Agwagwar gidan da muka fi sani a Nijeriya, mai jan tsiro a fuska, asalinta dazuzzukan Kudancin Amurka da Amurka ta Tsakiya ne, ba 'yar teku ba ce. Haka ma kirinjijiya da sauran agwagin daji da ke cika dausayin Haɗeja da Nguru, tare da baƙin da ke zuwa daga Turai da hunturu, ruwan daɗi suka fi nema.

Ɗan agwagwa kuwa, a kwanakin farko bayan ƙyanƙyasa kaluluwarsa ba ta gama nuna ba, ƙodarsa ma haka. Ga jikinsa ƙarami, ga zafin Maris yana ƙona ruwan jikinsa ta hanyar haki. Ya sha ruwan gishiri, ƙishirwa ta ƙaru, ya koma kasko ɗaya ya ƙara sha. Uwar tana da girman jiki da kaluluwar da ta nuna, su ba su da ko ɗaya.

Saboda haka mai kiwo ya kula da ragowar tuwo da miya, da ruwan wankin kifi, da ruwan kanwa, da rijiyar burtsatsen da ruwanta ke da zartsi. Gishirin da abincin kaji da agwagi ke bukata bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Idan kashinsu ya zama ruwa-ruwa, suna shan ruwa fiye da ƙima, ko suna tangaɗi, a duba abinci da ruwa kafin a ruga sayen magani, a kuma nemi likitan dabbobi. Kaskon ruwa ya yi zurfin da za su iya tsoma kai har hanci, amma ba wanda ƙanana za su nitse a ciki ba. Mahaifiyata yanzu da hannunta take zuba wa 'yan agwagi ruwa har su yi mako biyu, ba ta aiken kowa.